Shaidar Daniel

Wani magidanci ya faɗo daga saman bene ya mutu cikin dusar ƙanƙara, a gidansa da ke kan duwatsu kusa da Grenoble a Faransa. Shi ya kashe kansa, ko matarsa ce ta turo shi? A kan wannan Justine Triet ta gina fim ɗinta Anatomie d'une chute, wanda ya ci kyautar Palme d'Or a Cannes a 2023. Sandra Hüller ta yi wasa na gani na faɗa a matsayin matar, amma wanda ya riƙe ni shi ne ɗansu Daniel, ɗan shekara 11 mai raunin gani, wanda ya tsinci gawar.

Da farko ya ce yana waje ya ji iyayensa suna magana cikin natsuwa. Masu bincike suka kwaikwayi maganar tare da kiɗan da uban ya ƙure a ranar, aka ga ba yadda za a yi ya ji. Sai ya ce ya rikice ne, yana cikin gida. Fim ɗin bai mai da shi maƙaryaci ba. Yaro ne da ya rasa uba, yana tsoron rasa uwa, tunaninsa na karkata inda zuciyarsa ke so.

Da aka tuhumi uwar da kisan, kotu ta sa wata mata, Marge, ta zauna da su don kada uwar ta sa masa magana a baki. Wanda ya karanta littafin fiƙihu na Risala zai tuna cewa Malikiyya sun karɓi shaidar yara kan raunin da suka yi wa juna, da sharaɗin ba su watse ba kuma babba bai shiga tsakaninsu ba. Tsoron ɗaya ne.

Gwanintar Triet ta fi fitowa a shaidarsa ta ƙarshe. Yana ba da labarin abin da uban ya faɗa masa a mota kan hanyar asibitin dabbobi: muna ganin leɓen uban na motsi, muryar da muke ji ta Daniel ce. Ya tuna ne ko ya ƙago? Ba a gaya mana ba.

Lauyan gwamnati ya cika zaƙewa, awa biyu da rabi kuma da ɗan nauyi. Duk da haka, alƙali ko lauyan da yaro ke tsayawa gabansa, ya nemi fim ɗin nan ya kalla.