Kwamfuta Ɗaya, Sassa Biyu

Wani ɗan'uwana yana da ɗan shago a Jabo inda yake buga wa mutane takardu, katin biki, takardar neman aiki, sakamakon jarrabawa. Firinta da sikanar da yake aiki da su sun tsufa, amma lafiyarsu ƙalau, ba su taɓa ba shi kunya ba. Da tsohuwar kwamfutarsa ta mutu, sai ya sa aka sayo masa ta hannu, ƙirar HP, an ɗora mata Windows 10. Ya jona sikana, kwamfuta ta ƙi gane ta. Ya jona firinta, ta ja takarda ta fito da ita fara fat. Kowa ya ce masa kayan sun gama yayi, ya nemi sababbi. Kuɗin sababbin kuwa ya fi ribar shagon ta watanni.

Wani saurayi mai gyara a Tambuwal ne ya raba gardamar, kuma aikinsa nake son in bayyana, don na zauna na kalle shi tun daga fari har ƙarshe.

Bai taɓa komai ba sai da ya yi tambaya. "Yaya, wanne aiki ne ke kawo maka kuɗi kullum, wanne ne kuma sai lokaci-lokaci?" Daga amsar ya gane cewa shagon na buƙatar abu biyu da ba su jituwa. Kowace na'ura da aka jona wa kwamfuta tana da ƙaramar manhaja da masu gyara ke kira direba, wadda aikinta tafinta ne tsakanin na'urar da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Kamfanin da ya ƙera sikanar ya daina rubuta mata direba tun zamanin Windows 7, kuma na jinsin bit 32 ne, wanda ba ya zama a kan manhaja mai bit 64 ko da an yi ta roƙo. To, a koma Windows 7 gaba ɗaya mana? Nan ma akwai cikas. Microsoft ta daina kula da ita ranar 14 ga Janairun 2020, Chrome kuma ya tsaya mata a fitowa ta 109 a farkon 2023. Wanda ke shiga shafukan makarantu da na banki da kuɗin mutane ba zai dogara da ƙofar da aka daina gyara wa sakata ba.

Maganinsa shi ne a zaunar da su biyun cikin kwamfuta ɗaya, kowacce da sashenta, kamar gidan gandu da 'yan'uwa biyu suka raba: zaure ɗaya, kowa da ƙofarsa.

Rabon faifan ajiya shi ne wurin da gwani ke bambanta da mai kwaikwayo. Ya fara kwashe duk takardun shagon zuwa wani faifai na waje, ya buɗe wasu daga ciki ya tabbata sun kwafu da gaske. Sannan ya duba batir, ya jona kwamfutar a sola, don idan wuta ta yanke ana tsakar yanka iyaka, komai na iya salwanta. Daga nan ya shiga saitin da ke can ƙasa da Windows, wanda ake kira BIOS, ya mayar da kwamfutar tsohon salon tashi, saboda Windows 7 mai bit 32 ba ta tashi ta sabon salon UEFI, kuma dole manhajojin biyu su bi salo guda. Tsohon salon yana tafiya da tsarin rabo mai suna MBR, wanda manyan sassa huɗu kawai yake yarda da su. Ya ƙirga da yatsa a gabanmu: ɗan ƙaramin sashe mai megabait 100 da Windows 7 ke ware wa kanta, sashenta, sashen Windows 10, sai na huɗu wanda ya kira rumbu, inda za a riƙa zuba takardu kowane ɓangare ya iya ɗiba. Huɗu cif, babu wurin kuskure. Wannan lissafin ya burge ni matuƙa, don ya yi shi ne kafin ya danna ko maɓalli ɗaya.

Sai jeri. Tsohuwa ake fara ɗorawa, sabuwa ta biyo baya. Dalili kuwa, sabuwa ta san da zaman tsohuwa, za ta sa sunanta cikin jerin da ke fitowa idan an kunna kwamfuta. Tsohuwa ba ta san wadda aka yi bayanta ba, idan ta zo ƙarshe sai ta mamaye zauren ta dagula hanyar shiga ɗaya sashen. Da ya gama, allon ya nuna sunaye biyu, yana jira daƙiƙa 30 a zaɓa. Ya rage su zuwa goma, don kada mai shago ya riƙa ɓata lokaci ga layi a waje.

Abu biyu da ya yi daga ƙarshe su ne suka sa na ƙara ganin girmansa, domin babu wanda zai tuhume shi da ya bar su. Ya kashe saurin tashi na Windows 10, wanda ke sa ta yi gyangyaɗi maimakon ta mutu sosai idan an kashe ta, har ta bar faifai a riƙe. In an shiga ɗaya sashen a haka aka taɓa rumbu, takardu na iya lalacewa ba a sani ba. Sannan ya toshe wa Windows 7 hanyar intanet baki ɗaya. "Yaya, wannan ɓangaren na sikana da firinta ne kawai. Ko yaro ya roƙe ka, kada ka buɗe masa."

Masu gyaran waya sun daɗe da sanin wannan dabara. A kasuwar Farm Centre ta Kano da shagunan Sakkwato, mai yi wa Tecno da Itel fulashin yakan ajiye tsohuwar Windows a gefe, don direbobin MediaTek na da can suna shan wahala da tantancewar da sababbin Windows ke yi.

Yanzu kuma lamarin ya sake salo. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10, ita kuma Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama ko makamanciyarta, abin da yawancin kwamfutocin hannu da ke garuruwanmu ba su da shi. Ina ganin nan ne Linux za ta samu shiga, manhajar da Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991, kyauta ce, kuma nau'inta na Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya ƙaddamar a 2004, yana gudu lafiya a kan tsofaffin kwamfutoci. Saurayin ya riga ya fara ɗora wa wasu ita a gefen Windows, da mai tsaron zaure da ake kira GRUB. Ya ce ƙorafin da aka fi dawo masa da shi na agogo ne: Linux tana ajiye lokacin duniya a cikin na'ura, Windows tana ɗaukarsa lokacin gida, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Mutum ya fito daga Linux ya shiga Windows, sai ya ga agogo ya ja baya, har wani ya kusa makara da sallar Azahar. Layi ɗaya na umarni yake rubutawa, agogon ya daidaita.

Mun dawo Jabo bayan La'asar. Ɗan'uwana ya kunna kwamfuta, ya zaɓi suna na biyu, ya jona sikana. Fitilarta ta kama, ta yi ƙugin nan da ya saba ji, ta bi takardar haihuwar wata yarinya da mahaifinta ya kwana biyu yana zarya a kanta.