Noman Burtali: Asalin Waƙar "The Last Time"

A watan Fabrairun 1965 ƙungiyar mawaƙan Ingila mai suna Rolling Stones ta fitar da "The Last Time", waƙar da ta zo ta ɗaya a kasuwar faya-fayan Birtaniya. A jikin faifan an rubuta cewa Mick Jagger da Keith Richards ne suka tsara ta. Wannan rubutu nake son in tuhuma.

Amshin waƙar ba nasu ba ne. Tsohuwar waƙar coci ce ta baƙaƙen fatar Amurka, wadda mawaƙan gida ɗaya da ake kira Staple Singers suka naɗa tun a shekarun 1950, kuma Richards da bakinsa ya amsa haka daga baya. Maigidan nasu, Roebuck Staples, a gonakin audugar Mississippi ya tashi. A bakinsu, amshin tunatarwa ce cewa wataƙila wannan haɗuwa ita ce ta ƙarshe kafin ajali. Samarin Landan suka mai da shi gargaɗin saurayi ga budurwar da ta ishe shi. Ma'ana ta rage nauyi, babu shakka. Sai dai ba zan tauye su ba: karin jitar Brian Jones, mai kai da komowa kamar ƙoshiyar masaƙi, shi ya ɗauki waƙar, kuma nasu ne halak malak.

Aro kansa ba laifi ba ne a wurinmu. Makaɗin gangar noma a wajen gayya, a karkarar Ɗambatta ko Bichi, amshin da ya gada yake ɗora wa sunan sabon manomi, ba mai ce masa ɓarawo, domin bai ce shi ya ƙago ba. A wannan yanki namu, inda ko taku ɗaya na ƙasa yana da mai shi, har gamba ake dasawa a kan iyaka, burtali dai na kowa ne. Su Jagger burtali suka nome, suka kuma yi masa shinge.

Shingen ya nuna ƙayarsa a 1997, lokacin da ƙungiyar The Verve ta gina waƙarta "Bitter Sweet Symphony" a kan wani ɗan yanki na kiɗan goge da aka yi wa "The Last Time". Kamfanin ABKCO na Allen Klein, mai riƙe da haƙƙin mallaka, ya karɓe kuɗin, aka kuma ɗora sunan Jagger da Richards a kan sabuwar waƙar. Sai a 2019 suka sakar wa mawaƙin, Richard Ashcroft, haƙƙinsa, bayan jiran shekara 22. Roebuck Staples kuwa ya rasu a 2000, sunansa bai hau faifan ba.