Bakin Ɗan Kallo a Wasan Dara: Daga Dandalin Zuru zuwa Allon Waya

A shekarar 1960 wani likita Bature mai suna R. C. Bell ya wallafa littafi a kan wasannin al'ummomin duniya, sunansa Board and Table Games from Many Civilizations. A cikinsa ya kawo wasan dara, ya kuma jingina shi ga Dakarkari, watau mutanen ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi a yau, waɗanda suke kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela. Tun daga lokacin, da wuya a buɗe rubutun Turanci da ya taɓo dara ba a tarar da sunan Dakarkari manne da ita ba, ko da yake Hausawa da Zabarmawa da Buzaye duk suna yin ta, kowa da sunan da ya ba ta. Manufar wannan maƙala ita ce a duba irin wannan bayani da idon tarke, a nuna cewa ya kawo dokokin wasa amma ya bar mutum na uku a waje, watau ɗan kallo. Sa'an nan a gwada matsayin wannan ɗan kallo da na takwaransa na yau, mai bin gwanayen wasa ta allon waya yana aika musu ra'ayinsa nan take.

Ta fuskar dokoki babu abin zargi mai yawa. Akan haƙa gurabe 30 a ƙasa, jeri 5 kowane da gurbi 6. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wani ya ɗauki tsakuwa, wani kara. Da farko a yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya har 'ya'ya 24 su zauna, a bar gurabe 6 kacal babu kowa. Daga nan sai tafiya, taki ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkata. Wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin karawarsa. Jerin huɗu ba ya ci. Wanda 'ya'yansa suka kasa jera uku kuma an gama da shi. Duk wannan daidai ne, kuma da shi mutumin da bai taɓa taka Afirka ba zai iya zana gurabe a kwali ya yi wasa da ɗansa.

To, amma abin da zai yi a ɗakinsa shiru ba shi ne abin da ake yi a gindin bishiya da rani ba, bayan an kai amfanin gona rumbu. Dara a dandali wasan jama'a ce, mutum biyu ne dai ke taɓa 'ya'yan. Sauran suna tsugune kewaye da gurabe, kuma bakinsu ba ya hutawa. Akwai mai zuga, akwai mai habaici, akwai wanda tari kawai zai yi in ya hango tarko, tarin kuma ya fi dogon jawabi ma'ana. Akwai 'yan ingiza mai kantu ruwa, masu yaba wa mutum takin da suka san zai kai shi ƙasa. Akwai kuma masu ihu bayan hari, waɗanda sai an cinye ɗa suke tuna cewa tun ɗazu sun ga abin. Idan gwani ya kafa abin da ake kira doki, watau ya tsara 'ya'yansa yadda kowace kai da komowa ta ɗa guda ci ce, shewar 'yan kallo ita ke sanar da wanda ke nesa cewa magana ta ƙare. Duk wannan adabin baka ne tsantsa, kuma daga irin wannan zama ne Hausa ta sami karin maganar nan, dara ta ci gida. Bayanin da ya ƙidaya gurabe ya tsallake wannan, kamar wanda ya bayyana kokawa ne bai ambaci makaɗi ba.

Abu mafi muhimmanci a nan shi ne ƙa'idar da ke riƙe da bakin ɗan kallo, wadda ba a rubuta ta ko'ina ba. A al'adar dandali wanda aka cinye shi ke tashi, wani daga cikin masu kallo ya zauna. Saboda haka duk wanda ya cika baki yana sane da cewa ana iya ce masa, "To, malam, bismilla, ga wuri." Maganarsa bashi ce a kansa, za a kuma nemi ya biya a gaban mutanen da suka san shi, suka san ubansa. Ban da wannan, abin da ya faɗa kunnuwa huɗu ke ji, na wanda yake so da na wanda ba ya so, don haka shawara a fili takan zama tonon asiri. Wannan ne ya sa gogaggen ɗan kallo ya fi dogara ga habaici, kuma a gari irin Zuru, inda Hausa da C'lela suke zaune tare a bakin mutum ɗaya, sauya harshe ma kansa hanya ce ta zaɓen wanda zai ji.

Kalmar dara ta faɗaɗa a Hausar kafofin labarai, har ta haɗiye wasan Turawa na ces. Shi kuwa ces, a gasarsa ta hukuma, ya bi wata hanya dabam: dokokin hukumar FIDE sun hana ɗan kallo tsoma baki, alƙalin wasa yana da ikon fitar da shi daga zaure. Abin mamaki shi ne intanet ta dawo wa ɗan kallo da bakinsa. Tun da aka buɗe dandalin Twitch a 2011, musamman kuma daga 2020, gwanaye irin su Hikaru Nakamura na Amurka suka mai da wasa a gaban kyamara sana'a, suna bugawa suna magana, dubban mutane suna rubuto ra'ayi a gefen allo. A Afrilun 2024 ɗan Nijeriya Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana wasa a dandalin Times Square na birnin New York don tara kuɗin ilmin yara, mutane a gida suna kallo kai tsaye suna zuga shi. Wanda ya san gindin bishiya ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Tun kafin wannan ma an taɓa gwada zaunar da 'yan kallo a gaban gwani. A 1999 Garry Kasparov ya kara da jama'ar duniya ta intanet, mutum fiye da 50,000 daga ƙasashe sama da 75 suna jefa ƙuri'a a kan kowane taki, da wasu matasan gwanaye huɗu masu ba su shawara. An ɗauki wata huɗu, sai a taki na 62 Kasparov ya yi nasara. Daga baya ya amsa cewa yana karanta muhawarar da abokan karawarsa suke yi a fili. Wasu sun ga laifinsa. Ɗan darar ƙauye kuwa ba zai gani ba, domin shi ya daɗe da sanin cewa abin da aka faɗa a dandali na kowa ne.

Sai dai kamar ta tsaya a nan, kuma a nan ne ya kamata mai nazari ya yi hattara. Ɗan kallon allo ba shi da fuska, sau da yawa ba shi da suna na gaskiya, ba kuma wanda zai ce masa ga wuri. Mafi muni, yana iya buɗe na'urar lissafin wasa a gefe, ya kwafo takin da ta nuna, ya rubuto shi kamar daga kansa ya fito. Hikimar aro ke nan, ba bashi a kanta. Shi ya sa masu watsa wasa sukan rufe akwatin ra'ayi in ana gasar kuɗi, ko su jinkirta hoton. A gasar Sinquefield ta 2022, bayan Magnus Carlsen ya janye, an sa jinkirin minti 15 ga abin da ake nuna wa jama'a. A dandali ba a bukatar irin wannan shinge, kunya ta wadatar.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ya juya dangantakar gaba ɗaya. Gwanin da ke cin abinci da kallo yana rayuwa ne da kuɗin rajista da kyautar masu kallo, watau ɗan kallo ya zama ubangida, shi kuma ya kusa zama maroƙi. Ubangidan nan kuwa ba ya son shiru. Dogon tunani ba ya riƙe shi, don haka wasan minti 3 ko na minti 1 shi ya fi yawa a allo, da ihu da zolaya. Ra'ayin masu kallo a nan yana sauya irin wasan da ake yi ne, ba lalle ya gyara ɗan wasa ba. Ba a ce babu amfani ba: yara da yawa sun koyi wasa ta wannan hanya, waɗanda da ba su da malami. Amma yabon da ake saye da shi da yabon da ake tsoron a ce zauna ka gwada, ba nauyinsu ɗaya ba.

Ga ɗaliban harshe da al'ada, aikin da ke gaba a fili yake. Dokokin darar Zuru sun shiga littafi tun 1960, sun kuma zaga duniya da sunan Dakarkari. Abin da ake bukata yanzu shi ne a je Zuru da Dabai da Ribah da na'urar ɗaukar magana, a ajiye ta a bayan 'yan wasa, wajen masu tsugune, a rubuta abin da suke faɗa da C'lela da Hausa, a lura da wanda ke da ikon magana da wanda ake tsawata wa, da kuma lokacin da kowa ke yin tsit. Idan kuma wani matashi ya ɗora wayarsa a kan gurabe don ya watsa wasan, ya kamata a lura da wanda ɗan wasa yake amsa wa, na kusa da shi ko na cikin waya.