Jinjina ga Manoman da ke Cika Kasuwar Wuse da Kayan Miya

Kwandon tumatir da ake saukewa a Kasuwar Wuse ya sha tafiya kafin ya iso. Da yawa daga gonakin Kadawa da Kura yake fitowa, inda ruwan madatsar Tiga ke raya noman rani, a yi lodinsa a Kwanar Gafan. Albasa na zuwa daga Aliero, kabeji da karas kuwa daga tuddan Filato.

Tumatir ɗan hunturu ne. Da sanyi ya kankama sai ya yi albarka, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas, manomin da ya kwana yana ban ruwa ya sayar da kwando a kuɗin da bai mayar masa da na taki da man injin ba. Bazara na shigowa fure ya kaɗe, tsutsar da manoman Kano ke kira sharon ta cinye ganye. A 2016 ɓarnarta ta kai har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Damina kuma ruɓewa take kawowa.

A lokacin ne mu masu cefane a Wuse muke kuka da tsada, muna mantawa cewa mai gonar ya riga mu kuka.

Allah ya saka muku da alheri, manoma. Kuna cin bashi ku sayi iri, ba inshora, ba ɗakin sanyi, amma kaka na wucewa kun koma fadama kuna yafa sabon iri.