Sunanka A Ƙarƙashin Furen Wani

Tun zaman kullen korona na 2020, lokacin da mutane a Turai da Amurka suka rasa abin yi a gida, ɗinkin gicciye ya sake samun kasuwa. Shi ne ɗinkin hannun nan da ake yi a kan ƙyalle mai ƙananan gidaje, kowane gida a gitta masa zare kamar alamar sau, ana bin taswira ana ƙirge har hoto ya fito. Abin da ake yayi a cikinsa yanzu shi ne zanen tsirrai da ake cewa don mutum ɗaya tak aka yi shi. Ka shiga kasuwar intanet ta Etsy ka ba mai shago sunan 'yarka da watan haihuwarta, ya turo maka taswirar furen watan da sunan a ƙasa. Ko kuma ka ɗauki hoton furen tsakar gidanka ka zuba a manhaja, kafin ƙiftawar ido ta rarraba maka shi gida-gida. A ganina duk hanyoyin biyu suna raba mai ɗinki da aiki ɗaya da zai sa zanen ya zama nasa, wato ya zauna gaban tsiro ya yanke wa kansa abin da zai ɗauka da abin da zai bari.

Sai an san ƙuncin ƙyallen za a gane nauyin wannan zaɓi. Wanda aka fi amfani da shi, mai suna Aida, yawanci gida 14 ne a kowane inci. Zane mai inci 5 a tsaye da a kwance gida 70 ke nan sau 70, jimla 4,900, kuma kowane gida launi ɗaya yake ɗauka. Babu lanƙwasa a nan, sai hawa-hawa: gida biyu sama ɗaya gefe, uku sama ɗaya gefe, har ido ya yarda cewa kara ya ranƙwafa. To, a ce yakuwa mace take son ɗinkawa. Da ta dube ta da kyau za ta ga ganyen ƙasa dunƙule yake, na sama kuwa ya rabu yatsa uku ko biyar. Furen fatsi-fatsi ne mai ɗigon ja a tsakiya. Zoɓon da ke biyo bayansa ja ne wur, mai kauri da tsini biyar. Ƙananan haƙoran bakin ganyen ba su kai faɗin gida ɗaya ba, dole ta haƙura da su. Jan kara kuwa ba ta isa ta bar shi ba, domin idan ta ɗinka shi kore, duk wanda ya san gona zai ce rama ce, tunda furensu da ganyensu kusan ɗaya ne. Wata za ta fi damuwa da furen, wata da zoɓon, wata ma ta saka ramin da tsutsa ta ci a ganye. Mata goma za su fito da yakuwa goma, kowace da shaidar idon mai ita.

Manhaja ba ta san yakuwa ba balle rama. Abin da take yi shi ne ta auna launin kowane gida a hoton, ta laluba cikin launuka kusan 500 na zaren kamfanin DMC ta ɗauko mafi kusa. Inuwar katanga, hasken rana a bayan ganye, ƙurar da ke kan kyamara, duk daidai suke a wurinta da jijiyar ganye. Shi ya sa taswirarta kan cika da launuka masu yawa da ɗigo-ɗigon ɗinki a warwatse, abin da masu wannan sana'a suka daɗe suna kuka da shi: saboda gicciye ɗaya tilo sai ka zura zare a allura, ka ɗinka, ka cusa bakin zaren ta baya, ka yanke, ka sake wani launi. Bayan ƙyallen ya yi tuƙu-tuƙu, gabansa kuma ya fito kamar hoton da ya dushe. Wahala ta ƙaru, hukuncin mai aikin bai shiga ko gida ɗaya ba.

Maganar furen wata ta fi wannan rauni. Jerin al'adar Ingila da Amurka ne, ya kuma bi yanayinsu, har cikin furannin Janairu akwai wanda ke ɓullowa ta cikin dusar ƙanƙara. Abin da ka yi tarayya a kansa da duk wanda aka haifa a watanku, a duniya baki ɗaya, da wuya a kira shi naka. A warware sunan Hauwa a ɗinka na Helen, babu abin da zai canja a zanen. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Wanda yake son ganin abin da ido ke iya yi da waɗannan gidaje, ya nemi aikin Gerda Bengtsson, 'yar Denmak da ta rayu daga 1900 zuwa 1995. Zanen fenti ta koya tun farko, daga baya ta shafe shekaru tana tsara taswirori wa ƙungiyar bunƙasa aikin hannu ta ƙasarta, wadda aka kafa a 1928. Ba ta tsaya kan wardi da furannin fada ba. Ciyayin bakin hanya da ganyayen magani ta riƙa dubawa da idonta, tana zana su da siraran karansu da karkacewarsu, a ɗinka su da zaren auduga marar sheƙi, silili ɗaya, a bar sauran ƙyallen fari fes. Launukanta ba su da yawa, amma mai sanin tsirrai yana gani zai kira sunan kowanne. Har yau idan aka ga aikinta ana gane hannunta tun kafin a duba suna.

Nan ne mai ja da ni zai samu abin kamawa, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Zai ce ai ita ma Bengtsson taswira take sayarwa, dubban mata suka ɗinka abin da ita ta gani. Zai ƙara da cewa kwafi tsohon abu ne a wannan sana'a: tun wajen 1523 aka buga littafin samfurin ɗinki a Augsburg ta Jamus, a farkon ƙarni na 19 kuma taswirorin birnin Balin masu launi suka cika ɗakunan Turai da wardi iri ɗaya. Ƙyallen gwajin ɗinki mafi tsufa mai kwanan wata da aka sani a Ingila, wanda Jane Bostocke ta yi a 1598, yana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, kuma yana ɗauke da sunan wata jaririya, Alice Lee, da ranar haihuwarta a 1596. Ashe ɗinka sunan yaro a jikin ado ya haura shekara 400. Ko a Zariya da Kano, mai zayyana daban, mai ɗinkin babbar riga daban, ba a kuma taɓa raina rigar saboda haka ba.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ban ce kwafi laifi ba ne. Da shi ake koyo, da shi hannu ke faɗawa. Amma mai ɗinkin aska takwas bai taɓa cewa shi ya ƙago ta ba, wadda ta sayi taswirar Bengtsson ma ta san idon wa ta ara. Abin da ya bambanta yayin yau shi ne ana sayar wa mutum kwafi da sunan nasa na kansa, har ya daina jin akwai wani mataki a gaba. Kuma na da ɗin, waɗanda aikinsu ya zama nasu da gaske, sun taɓa abin da suka ara. Sarauniya Mary ta Sikotland, wadda aka tsare a Ingila daga 1568 har aka kashe ta a 1587, ta yi ɗinki da yawa tare da wata mai suna Bess ta Hardwick, suna ɗauko dabbobi da tsirrai daga littattafan masana na zamaninsu. A wani zane nata, hannu ne riƙe da wuƙa yana sare reshen inabi marar 'ya'ya don mai 'ya'ya ya samu sarari. Mutanen lokacin sun karanta shi sarai: Sarauniya Elizabeth ta Ingila ba ta haihu ba, Mary tana da ɗa. Sai da zancen wani matashin kai da ke ɗauke da wannan zane ya shiga tuhumar cin amanar da ta kai ga kashe basaraken Norfolk a 1572. Harufan sunanta suna jikin aikin, amma ba su ne suka tayar da hankalin fada ba.

Saura masu cewa ba kowa ya iya zane ba, kuma da yawa hutun ƙwaƙwalwa ya kawo su, ba neman zama gwanaye ba. Mai neman hutu ya sayi taswirarsa ya ɗinka lafiya, babu mai tuhumarsa. Batun iya zane kuwa, wannan ɗinki ya fi kowanne sassauci, domin ko gwanin gwanaye da murabba'i zai ƙare. Takarda mai gida-gida irin ta lissafi, fensir, da reshe ɗaya a cikin kofin ruwa sun isa. A fara da kara, a sa ganye uku, a tsaya kan launi biyar ko shida, a jingina takardar a bango a ja da baya a duba. Zanen farko zai yi tauri, wataƙila zogalen ya fi kama da tsamiya, sai a koma wurin reshen a gano cewa ganyen zogale sau biyu ko uku yake rassa kafin ya kai ga ƙananan ganyayen, na tsamiya kuwa sau ɗaya. A goge a gyara. Gidan da aka goge a takarda bai ci zare ko ɗaya ba.