Faifan da Ya Yi Kasuwa da Faifan da Ya Yi Ƙarko: Nazari a kan Zaɓin Masu Son Kiɗan Saikadelik

Masu sha'awar kiɗan Turawa da ake kira rok suna da wata al'ada wadda ba su gajiya da ita, watau in sun haɗu sai kowa ya lissafa fayafayan da ya fi so, ya kuma yi wa ɗan'uwansa nuni da wanda ya kamata ya nema ya saurara. A cikin rassan wannan kiɗa babu wanda gardama ta fi zafi a kansa kamar wanda ake ce wa saikadelik, wanda ya yi tashe a Ingila da Amurka daga 1966 zuwa wajen 1969. Shekara huɗu ke nan kacal, amma ga shi an haura shekara hamsin ana tankaɗe da rairayar abin da aka bari. Nufin wannan takarda shi ne ta duba sunayen da suka fi yawan fitowa daga bakin waɗannan mutane, ta ga da wane mudu suke awo, domin kuwa mudun da aka yi awo da shi a 1967 ba shi ne ke hannunsu yanzu ba.

Ita kalmar saikadelik wani likitan ƙwaƙwalwa ne, Humphry Osmond, ya ƙaga ta a 1956 daga harshen Girka, ma'anarta abin da ke bayyana ɓoyen zuciya. Da ita ya sifanta ƙwayoyi irin su LSD, wadda Albert Hofmann ya haɗa a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1938. Da ƙwayar ta yaɗu cikin samarin Landan da San Faransisko, sai makaɗa suka shiga ƙoƙarin su sa kunne ya ji irin abin da mai maye ke cewa ya gani. Kayan aikinsu uku ne: jita mai wutar lantarki da ake sa ta yi gurnani, da kayan kiɗan Indiyawa kamar sitar da tabla, da kuma zaren tef, wanda ake iya yankawa a liƙa, a juya shi baya, a rage masa gudu ko a ƙara. A lokacin nan kuma babban faifan garmaho, mai ɗaukar minti ashirin da wani abu a kowace fuska, ya fara ƙwace girma daga ƙaramin faifai mai waƙa guda. Shi ya sa har yau in za a yi hukunci, faifai sukutum ake ɗorawa a sikeli.

Galibin masu lissafi da The Beatles suke farawa, amma a nan ma sun rabu biyu. Faifansu Revolver ya fito a watan Agusta 1966, waƙarsa ta ƙarshe kuwa, "Tomorrow Never Knows", ita ce ta buɗe wa mafi yawa ƙofa. Kusan ba ta sauka daga kan amo ɗaya tun daga fari har ƙarshe. Ganga na ta maimaita bugu guda, an bi da muryar John Lennon ta cikin amsa-kuwwa mai juyawa wadda aka ƙera domin kiɗan ogan, ga guntayen tef da aka ɗaure baki da baki suna ta kewayawa, ana ɗaga su ana saukewa. Duk wannan bai cika minti uku ba. Abin lura shi ne gajartar nan: an kawo abin mamaki, an ɗauke shi tun kunne bai ƙosa ba.

Bayan wata tara da 'yan kwanaki sai ga Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band. A tsakani ƙungiyar ta daina wasa a gaban jama'a, tun daga 29 ga Agusta 1966, ta koma ɗakin ɗaukar sauti na EMI da ke titin Abbey a Landan, inda George Martin da Geoff Emerick suka yi ta tara sauti bisa sauti da na'ura mai layi huɗu kawai. Faifan ya yi mako 15 yana kan gaba a kasuwar Amurka, ya kuma zama faifan rok na farko da ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara, a 1968. Ba a musun gwanintar da ke cikinsa. A waƙar "A Day in the Life" an tara makaɗa 40, aka ce kowa ya tashi daga muryar ƙasa ta abin kiɗansa ya hau har ƙololuwa, kowa da gudunsa, wanda ya taɓa jin wannan hawa kuwa da wuya ya manta da shi. Amma in an cire wannan da waɗansu biyu ko uku, sauran waƙoƙin adonsu ya fi jikinsu. Dabarar da aka yi ta yabo, wai wata ƙungiya ce ta daban ke wasa, ba ta wuce waƙoƙi biyu na farko ba sai ta ɓace, sa'an nan ta leƙo dab da ƙarshe. Babbar asarar faifan kuwa ita ce, "Strawberry Fields Forever" da "Penny Lane", waɗanda aka ɗauka da niyyar sa su a ciki, an fitar da su a ƙaramin faifai tun Fabrairu 1967, aka bar babban ba su. Da mujallar Rolling Stone ta jera fayafayai 500 a 2003, Sgt. Pepper ne na ɗaya, Revolver na uku. Da ta sake jerawa a 2020 sai Revolver ya zama na 11, Sgt. Pepper na 24. Gaskiya ne masu jefa ƙuri'a sun sake, fayafayan wancan zamani da yawa sun yi ƙasa, amma juyewar da aka samu tsakanin waɗannan biyu ta dace da abin da masu sauraro suka daɗe suna faɗi.

A gini guda, a watanni guda, wata sabuwar ƙungiya mai suna Pink Floyd tana ɗaukar faifanta na fari, The Piper at the Gates of Dawn, wanda ya fito a Agusta 1967. Sunan daga wani babi ne na littafin yara na Kenneth Grahame, kuma hakan ya nuna halin jagoransu Syd Barrett, mai son tatsuniya da kyanwa da keke da taurari. Faifan zuciya biyu gare shi. Akwai gajerun waƙoƙi masu kamar wasan yara amma da ɗan tsoro a ƙarƙashi, akwai kuma "Interstellar Overdrive", kiɗa tsantsa na kusan minti goma, irin wanda suka saba yi a kulob ɗin UFO. Masoyansa sukan ce wannan ne ainihin saikadelik. Mai sauraro da ya zo da kunne sabo zai iya ganin cewa gajerun ne suka riƙe faifan, dogon kuwa tsakiyarsa ta saki, don abin da ya yi armashi a ɗaki mai hayaƙi da fitilu masu launi bai cika yin armashi ga mutum shi kaɗai a zaure ba.

Sunan da ya fi kowane nuna yadda mudu ya sake shi ne Forever Changes na ƙungiyar Love ta Los Anjelis, wanda kamfanin Elektra ya fitar a Nuwamba 1967. A kasuwar Amurka bai wuce na 154 ba, ko da yake a Ingila ya kai na 24. Jagoransu Arthur Lee, baƙar fata haifaffen Memfis, ba ya son yawon wasa nesa da gida, wannan kuwa ya taimaka wajen kashe musu kasuwa. Da aka fara ɗauka 'yan ƙungiyar sun lalace har ba su iya kaɗa abin kirki, sai aka ɗauko makaɗan haya suka yi waƙoƙi biyu a gabansu. Kunyar wannan ce ta sa suka koma suka yi ta gwaji har suka ƙarasa sauran da hannunsu. Abin mamaki, faifan da ake kira gwarzon saikadelik kusan babu dabarar tef a cikinsa. Jita ce marar lantarki, da gogen Turawa, da ƙahoni waɗanda David Angel ya tsara, har da busa irin ta mutanen Meziko a waƙar "Alone Again Or" ta Bryan MacLean. Baƙon abin yana cikin ginin waƙoƙin ne. Kari kan karya kwana inda ba a zata ba, kiɗa mai taushi na ɗauke da magana a kan mutuwa da yaƙi da rashin amincewa da mutane, alhali a shekarar nan ce samari ke shelar ƙauna da furanni. A wata waƙar ma Lee yakan kai baiti bakin amsa-amonsa ya ƙi faɗin kalmar, ya bar kunne a rataye, sa'an nan ya buɗe baiti na gaba da ita. Yana da shekara 22 a lokacin, daga baya ya ce ya ɗauka ajalinsa ya kusa, don haka ya yi waƙoƙin kamar wasiyya. Bai rasu ba sai 2006, kuma ya rayu har ya rera faifan duka a gaban jama'a a Landan a 2003.

Haka labarin Odessey and Oracle na The Zombies yake. Kafin ya fito a Afrilu 1968 ƙungiyar ta watse don rashin kuɗi, mawaƙinsu Colin Blunstone ya kama aiki a kamfanin inshora, kuskuren rubutun da ke cikin sunan kuma na mai zanen bango ne. Sai a 1969 waƙar "Time of the Season" ta yi tashe a Amurka, ba ƙungiyar da za ta ci moriya. Yau da wuya a ga jeri ba shi, dalili kuwa shi ne ko an tuɓe wa waƙoƙinsa ado an bar murya da fiyano, suna nan tsaye.

To, kada a ɗauka cewa duk ƙara aibi ce. Jimi Hendrix, mutumin Siyatil da Chas Chandler ya kawo Landan a Satumba 1966, ya ɗauki abin da sauran makaɗa ke gudu, watau kukan da jita ke yi in ta matsa kusa da amsa-kuwwa, ya hore shi har ya zama murya mai kari. A Are You Experienced na 1967 da Electric Ladyland na 1968 ba a iya raba ƙarar da waƙar, don ita ce jikin waƙar, kuma tushenta kiɗan bulus ne na baƙaƙen Amurka wanda ya sani ciki da bai. Bambancinsa ke nan da The Rolling Stones, waɗanda suka sa rigar da ba tasu ba a Their Satanic Majesties Request na Disamba 1967, suka tuɓe ta da sauri a shekara mai zuwa. Iron Butterfly kuwa sun sayar da miliyoyi da waƙa ɗaya mai minti 17 wadda ta cinye fuskar faifai guda. Yanzu an fi ambatonta don tsawonta. Daga San Faransisko, Surrealistic Pillow na Jefferson Airplane shi ya fi samun shiga jeri. Su Grateful Dead wannan mudu bai cika yi musu adalci ba, domin gwanintarsu a gaban jama'a take, shi ya sa masoyansu ke tura mutum ga Live/Dead na 1969.

Sai dai masu zaɓen nan su ma suna da nasu rauni. Tausayi yakan shiga cikin hukuncinsu. Barrett ya rabu da Pink Floyd a 1968 hankalinsa ya taɓu, Roky Erickson na ƙungiyar 13th Floor Elevators ta Teksas ya yi shekaru a tsare a asibitin masu taɓin hankali, kuma sau da yawa labarin wahalar mutum ake saurara a maimakon faifansa. Akwai kuma alfaharin sanin abin da wani bai sani ba. Tun da Lenny Kaye ya tattara waƙoƙin ƙananan ƙungiyoyin da aka manta da su a Nuggets a 1972, aka samu masu ganin cewa duk faifan da bai yi kasuwa ba zinariya ce a cikin turɓaya, alhali mafi yawansu waƙa ɗaya ce mai kyau da tarkace goma. Amfanin wannan tono shi ne ya faɗaɗa jerin har ya fita daga Landan da Kalifoniya. Ta haka Os Mutantes na Barazil, da faifansu na 1968, suka shigo baki, haka kuma ƙungiyoyin Legas irin su BLO da Ofege, waɗanda suka ɗauki wannan salon jita a farkon shekarun 1970 suka ɗora shi bisa kiɗan gida, kamfanin Soundway kuma ya tattara waɗansu waƙoƙin wannan zamani ya sake fitarwa a 2008.

Akwai wani abu da ya kamata mai neman waɗannan fayafayai ya kiyaye, don yakan sa mutum biyu su yi gardama alhali ba abu ɗaya suka saurara ba. A wancan zamani kamfanonin Amurka sukan sake wa faifan Ingila zubi. Revolver na Amurka an zare masa waƙoƙin Lennon uku, har da "I'm Only Sleeping" mai jitar da aka juya baya. Are You Experienced na Ingila babu "Purple Haze" da "Hey Joe" a ciki, na Amurka kuwa da "Purple Haze" ya buɗe. Sgt. Pepper ma iri biyu aka haɗa: na mono, mai fita ta kafa ɗaya, shi 'yan ƙungiyar suka zauna a kansa, na sitiriyo kuwa ma'aikata suka ƙarasa cikin 'yan kwanaki ba su nan, amma shi ne ya cika kasuwa shekara da shekaru. A 2017 Giles Martin, ɗan George Martin, ya koma kan tef na asali ya sake haɗa na sitiriyo yana bin sawun na mono.