Kafin a Yarda da Siffar Furotin, a Buɗe Taswirarta

Wani salon bincike ya karɓu a jami'o'in Najeriya, kuma ya yi daidai da aljihun ɗalibin Maiduguri: a sauko da siffar furotin daga rumbun PDB, a ɗauko sinadarin ganyen dogon yaro ko zogale, a sa manhajar AutoDock Vina ta gwada ko zai zauna a kogon furotin ɗin, a rubuta sakamako. Ba ni da ja da wannan. Damuwata ita ce yadda ake karɓar siffar kamar hoton da kyamara ta ɗauka, alhali ginin mutum ce. Ana haska ƙwayar kiristal da hasken eksire, a samu dubban ɗigo, manhajoji irin su CCP4 da Phenix su mayar da su taswirar inda ilektiron suka taru, sannan mai bincike ya zauna gaban manhajar Coot yana jera ƙwayoyin zarra a ciki. Inda taswirar ta dusashe, sau da yawa hasashe ke cike gurbin. Manhaja ma tana tuntuɓe. A ƙarshen 2006 Geoffrey Chang na cibiyar Scripps a Amurka ya sanar da janye maƙaloli 5, uku daga ciki a mujallar Science, domin wata manhajar da aka rubuta a gida ta musanya layuka biyu na bayanai, siffofin suka fito a karkace, kuma an shekara da shekaru ana dogaro da su.

Za a ce ina ruwan ɗalibin Jami'ar Maiduguri da wannan, tunda duk Afirka babu injin sinkurotoron mai samar da hasken eksire mai ƙarfi ko ɗaya, kuma garin da aka ruguza turakun wutarsa a 2021 yana da abin da ya fi damunsa. Ai rashin injin ne ya sa duba aikin wasu ya zama dole: wanda ba shi da gona, sai ya iya tantance hatsi a kasuwa. Kuma abin ba ya cin kuɗi. Coot kyauta ce, tana aiki a ƙaramar kwamfuta, kuma galibin siffofin eksire a PDB suna da rahoton tantancewa da ke nuna kaifin bayanan da alƙaluman R-free, ma'aunin da Axel Brünger ya kawo a 1992. Siffa mai kaifin angistirom 1.5 tana nuna har ƙwayoyin ruwa, a 3.5 kuwa, da ƙyar ake gane inda reshen amino asid ya fuskanta.

Wasu kuma za su ce AlphaFold, manhajar hasashen siffar furotin, ta gama magana, da siffofi sama da miliyan 200 da kyautar Nobel ta 2024. Amma daga PDB ta koyi karatu, kuma siffofin rumbunta ba su ɗauke da ruwa ko ƙarfe ko ƙwayar magani, abubuwan da mai gwajin dogon yaro ya fi buƙata. Ita kanta tana shafa ruwan lemo a wuraren da ba ta da tabbas. A ganina, kada malami ya sa hannu a kundin ɗalibi sai ya ga rahoton tantancewa a manne, tare da taswirar kogon da aka ce maganin ya zauna.